Dawar Dado da Ranar Sakin Gonaki

Dado manomi ne a wani ƙauye gabas da Tanout, kuma tun tasowarsa bai taɓa ja da hukuma ba. Gonarsa a kwari take, inda ruwa ke kwanciya, shi ya sa dawa yake shukawa, ba hatsi ba, wato gero. Dawa kuwa ba ta san gaggawa ba. Maƙwabta su gama ɗaure hatsinsu su kai rumbu, tasa tana tsaye tana jiran bushewa.

Hakan bai taɓa damunsa ba, domin akwai ranar sakin gonaki. Kowace kaka magajin gari ke yanke ta, sankira ya faɗa a kasuwa. Kafin ranar, dabbar da ta shiga gona ta yi ɓarna, mai ita zai biya. Bayan ranar, kara na kowa ne. Da haka Dado ya ciyar da matarsa Ummu da ƴaƴansu har furfura ta fito masa. Shanun Almustafa, wani makiyayi da ke saukowa daga arewa, su ke cin karansa su bar masa taki. Tare suke shan shayi a gindin aduwa.

Sai Sulaiman ya zama magajin gari. Wakilan manoma a majalisar kwamin, wato ƙaramar hukumarsu, sun ɗaga masa hannu, na makiyaya ma sun ɗaga, kuma yana so su sake ɗagawa. Da kaka ta zo ya ce shi ba sarki ba ne, majalisa ce za ta yanke rana. Majalisa ta zauna. Waɗannan suka ce a jinkirta, waɗancan suka ce tafkunan arewa sun ƙafe. Aka ci shinkafa da nama, aka ɗage zama. A zama na gaba rabinsu ba su zo ba.

Dado ya hau jaki ya je wurin magajin gari.

"Ranka ya daɗe, yaushe ne ranar? Dawata da saura."

"Baba, ni hannu kawai nake sawa. Abin da majalisa ta ce, shi ke nan."

"To me ta ce?"

"Tana nazari."

Kowane wakili ya koma wurin mutanensa ya faɗa musu ranar da suke son ji. Sabi'u, wakilin ƙauyen su Dado, ya ce masa ya kwantar da hankali sai sabon wata ya tsaya. Wakilin su Almustafa ya ce Juma'a.

Ran Asabar da hantsi Dado ya tarar da shanu tsakiyar dawarsa, Almustafa na tsaye da sanda a kafaɗa.

"Almustafa, har da kai?"

"An saki gonaki jiya, Dado. Kai ka yi nawa."

"Wa ya sake su?"

"Ka tambayi masu kujera. Ni shanuna ba su san majalisa ba, yunwa suka sani."

Akwai gatari a hannun Dado. Ya sare agarar wata saniya mai ciki, ta zube tana kuka. Almustafa ya zaro wuƙa ya yanka ta kafin ta zama mushe.

Sarar saniya laifi ne da ba ya bukatar nazari. Jandarmomi suka zo suka tafi da Dado. Kan dawa kuwa, alƙali ya tambaya ko an saki gonaki. Magajin gari ya ce a tambayi majalisa. Rabin wakilai suka rantse an saki, rabi suka rantse ba a saki ba. Maganar dawa ta mutu a nan.

Yana gidan kaso Ummu ta sayar da gonar, ta biya saniya, ta sayi abin da yara za su ci. Sabi'u ne ya sayi gonar. Ya haƙa rijiya a kwarin, ya kewaye wurin da waya.

Dado ya fito da tari da sanda. Da damina yana yi wa Sabi'u noman ƙwadago a gonar, idan ƙafa ta bar shi. Sabi'u yakan ce wa baƙi tausayi ne ya sa ya ɗauke shi, don tsoho ba ya gama kunya ɗaya kafin rana ta take.