Sharar da Na Sa Aka Yi a Kogon Shanu

Ana sallame asuba ranar Asabar muka fito daga Kabo, ni da 'yata ta biyu, mai karatun binciken kayan tarihi a jami'a. Aikinta na shekarar ƙarshe ne ya fito da mu. Ni na ba ta labarin wani kogon dutse a bayan ƙauyenmu, gaba da Getso, inda muke fakewa in ruwa ya tare mu muna yara. A bangonsa akwai zanen jajayen shanu masu dogayen ƙaho, ba wanda ya san wanda ya zana su. Malaminta ya yarda ta yi aikinta a kai.

Motar Gwarzo cike take da buhunan wake, mu ne ƙari. A tasha muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an zo. Daga Getso muka hau babur, an yanke gero, dawa na tsaye.

Tun a mota take yi mini bayani. Ta ce ƙasar da ta taru a gindin bangon ita ce dukiyar. Hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama. Gawayin da ke ciki shi ake aunawa a san shekarunsa, 'ya'yan itatuwa kuma su nuna irin dajin da ke wurin a da. Nan na tuna abin da na yi. Kwana uku kafin nan na kira yayana a waya na ce muna tafe, a ɗan gyara wurin, kada 'yar jami'a ta tarar da ƙazanta.

Yaya ya tarbe mu da fura, ya yi mana jagora yana fara'a.

“Kin ce a gyara, to an gyara. Amalanke huɗu muka kwashe, duk toka ce, na zuba a gona. Bangon ma mun wanke shi da omo.”

Kogon fes, har dutsen ƙasa ya fito. Shanun da na sani guda bakwai, saura ƙaho biyu da ƙafa ɗaya, su ma sai ka ƙura ido.

'Yata ta ƙarasa ta duba bangon da ƙasan. Sannan ta juyo ta ce, “Sannu da aiki, Kawu. Allah ya saka da alheri.” Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Mun bi gonar muna tsintar fasassun tukwanen da suka biyo tokar. Ta ce za ta tafi da su, amma yanzu ba a san wanne ya riga wanne ba.

Mun iso gida bayan la'asar. Ta miƙo mini littafi ta ce, “Inna, rubuta mini duk abin da kika tuna: shanun, rafin da ya ƙafe, itatuwan da aka sare.” Ina rubutawa a hankali da hannun da na koya a ajin yaƙi da jahilci. Ko malaminta zai karɓa, ba mu sani ba tukuna.

Tun tasowata na san in baƙo zai zo, shara ake yi. Ban taɓa tunanin in tambayi abin da baƙon ya zo gani ba. Zanen nan ya jure damina da rani tun kafin kakanninmu, waya ɗaya tawa ce bai jure ba.