Matar da Ta Sauya Mini Faranti

Ni kaɗai na lura cewa mai kawo mana abinci tana kawar da hanci duk lokacin da ta ajiye kwanon barkono. Dattijuwa ce mai furfura, hannunta duk tabon mai.

Yau na fara haɗuwa da mahaifiyar saurayina, a gidan abincin Meksiko da Kuba a birnin Mérida na ƙasar Meksiko. Mu 'yan Kuba ba mu cin yaji, amma mahaifiyar tasa ta zuba mini shi da hannunta: "Ci, 'yata, wannan ai ba zafi." Idona ya kawo ruwa, kunya ta hana ni ƙi.

Dattijuwar ta matso. "Wayyo tsufa! Farantin wancan teburin na ba yarinyar nan." Ta ɗauke, ta kawo shinkafa da baƙin wake.

Harshenta irin na garinmu ne. Ina jin ita ma wata suruka ta taɓa zuba mata.

Ga ta can tana yanka lemun tsami.