Faifan Gwaggo a ƙarƙashin buhunan albasa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ban ga ranar da zan manta satar da na yi wa gwaggona ta Rabah ba. Sata ce, gara in kira ta da sunanta.

A lokacin na gaji da jin waƙa a waya. Ka sayi data, ka ɗaga hannu sama kana farautar sabis, sannan wayar ta zaɓa maka abin da ta ga dama. Ana nan sai na tsinci tsohon garmahon mahaifina mai batir a ɗakin shirgi a gidanmu na Wurno. Wani mai gyaran rediyo ya tayar mini da shi. Ranar da allura ta sauka kan faifai, na ji wannan ƙaras-ƙaras kafin kalangu ya shigo, shi ke nan na kamu. Na bi ƙauyuka har Rara da Boyekai ina roƙon tsofaffi faya-fayan da suka jefar bayan rumbu.

Guda ɗaya ya gagare ni. Faifan kiɗan noma ne, yana rataye a bangon ɗakin gwaggo tsakanin kwanonin jerenta. Marigayi mijinta ya sayo shi shekarar aurensu. Na roƙa, na kai goro, na kai turare.

"Mi za ka yi da shi?" in ji ta. "Wanga ba na bayarwa ba ne, ɗana. Sha hurarka."

Ni kuwa idona idon faifai. Na lissafa cewa gwaggo ba ta karatun boko, baƙin faifai kuma duk ɗaya ne. Ranar da ta tafi suna maƙwabta, na sauke nata, na rataya wani na waƙar Indiya mai jar takarda irin tasa. Niyyata in saurara kwana biyu in mayar, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Na ɗaure shi a bayan babur cikin baƙar leda, na biya ta Goronyo duba masu cire mana albasa kusa da madatsar ruwa. Watan bazara ne. Na jingine babur a fili, hira ta yi daɗi har la'asar. Da na kwance ledar, sai na ga faifai ya lanƙwashe kamar busasshen ganyen kabewa. Abin da ya rage wa tsohuwa na mijinta ke nan, na gasa shi a rana.

Dabarar manomin albasa ba ta wuce albasa. Na sa shi tsakanin katako biyu, na jibga buhu uku a kai, na bar shi kwana huɗu a rumfar ajiya. Ya miƙe, amma ba duka ba, ga wari kamar an yi miya da shi.

Na koma Rabah da shi a cikin riga, ina addu'ar in tarar ba ta nan. Tana zaune a tsakar gida. Faifaina na Indiya kuwa yana kan randa, an rufe ruwa da shi.

"Baƙon da ka aje mini, na ba shi aiki," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "Shekara talatin ina share nawa kowace Juma'a. Ka zaci ban san tsagar da ke gehensa ba?"

Na durƙusa na fito da shi. Ta juya shi, ta shinshina. Sannan ta ɗago kai ta dube ni.

"Yana magana har yanzu?"

Na ce ban gwada ba, tsoro ya hana ni.

"Tashi ka ɗauko garmahon naka. Tun da namu ya lalace ban ƙara jin shi ba."

Na yi Wurno na dawo kamar ana kora ta. Allura ta sauka, faifai yana hawa yana gangara, muryar mawaƙin tana rawa kamar mai jin sanyi. Gwaggo ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Ashe shi ma ya tsuhwa kamar ni," ta ce. Sai ta kama amshi, ba ta kuskure baiti ko ɗaya ba.

Da waƙar ta ƙare ta mayar da faifanta bango, ta jawo garmahona ta tura ƙarƙashin gado.

"Aro na ɗauka, irin naka. In kana son ji, ka san hanya."

Duk Juma'a sai na je Rabah, har Allah ya karɓi ranta. A nan na gane cewa wata uku ina tambayar tsohuwa ta ba ni faifai, ban taɓa tambayarta ko tana marmarin jin sa ba. Tun daga ranar, in na ga abu a hannun mutum ina so, nakan fara tambayar me yake gare shi.