Daraktan da Na Sani ta Ƙeya

A aji uku na firamare karatuna ya tsaya, kuma ban ji labarin wani malami ya yi kukan rabuwa da ni ba. Ilimin da nake taƙama da shi a filin jirgin Dulles da ke Amurka na same shi, inda na tsufa ina ɗauko fasinja. Direba kullum yana bayan mutum da jaka a hannu, shi ya sa wanda na taɓa ɗauka sau ɗaya, ko ƙeyarsa na hango a cikin taro na gane shi.

Autata sunan mahaifiyata gare ta, Mamana nake ce mata. Ta koma Takoma Park tana karatun fim a jami'a. Ran da ta faɗa mini fim ma karanta shi ake yi, na ce ashe ni na daɗe da digiri, tun muna leƙen silima ta kan katanga a Kano. Ba ta yi dariya ba. Tun daga nan zuwanta gidanmu na Sterling ya koma sai da sallah, a waya kuwa ta gaishe ni da Hausa, sauran duk Turanci. Abin yana cina, ban dai faɗa wa kowa ba.

Wata Lahadi ta zo da kwamfutarta ta baje a falo. Aikin kammala karatunta a kan wani darakta ne ɗan Koriya, dattijo. Fina-finansa ba faɗa ba rawa. Mutum biyu su zauna suna shan taliya, ruwan sama ya sauko, ya ɗauke, shi ke nan wai an gama. An ce yakan saci jiki ya fito a kowane fim nasa, ba fuska ba suna, ita kuma so take ta gano duk wuraren. Ta nuna mini shi sau ɗaya, yana hawa dandamali karɓar lambar yabo.

Sai ta kunna mana ɗaya daga cikin fina-finan. Rubutun fassarar nan na ƙasan allo ba sa'ana ba ne, kafin in haɗa kalma biyu ya gudu. Sai na bar masu magana da maganarsu, na koma kallon mutanen da ke bayansu.

"Mamana, ga mutuminki can."

"Ina?"

"Mai sharar bakin tasha. Dubi kafaɗarsa ta hagu, ta fi sauka. Wannan ya daɗe yana rataya kaya mai nauyi."

Ta mayar da fim ɗin baya har sau uku. Sai ta dafa ni ta ce, "Baba! Ai da ɗaukar kyamara ya fara!" Rabon da ta dafa ni haka tun tana 'yar firamare.

Ta zuba mini fina-finan duka a waya. A wurin jiran fasinja na cinye su cikin mako guda, na kuma kama shi a kowanne. A na farko-farko saurayi ne siriri, yana tsallaka titi da lema a guje. Lokacin da duniya ta san shi ya yi ƙiba, yana sayar da kifi, ya juya wa kyamara baya. A na ƙarshe sanda yake dogarawa, yana bin wani lungu a hankali, aka bar shi yana tafiya har ya ɓace. Sai da na kashe wayar na ɗan zauna. Mutumin da ban taɓa ɗauka a mota ba ya tsufa a gabana.

To, a nan halina ya motsa. Na ce wa Mamana ido ya yi rauni, sai mun zauna tare na iya gani. Duk Lahadi ta zo, in ba ta guda ɗaya, shi ma sai bayan an ci tuwo. Wani lokaci mutumin ya wuce ta gabanmu ina kallon silin, in ce, "Kai, ya kuɓuce mini, sai wani makon."

Ranar da asirina ya tonu, na jiyo ta a kicin tana gaya wa uwarta saura kwana goma ta miƙa aiki, ga fim huɗu ba a gano ba. Hajiya ta fito riƙe da ludayi.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ba kai ka ce mini ka gama da Bakoriyen nan tun kafin azumi ba?"

Na je mota na ɗauko kwalin da nake ɗaga wa fasinja. A bayansa na rubuta mintin da yake fitowa a kowane fim, don lamba kam na iya. Mamana ta duba kwalin, ta dube ni.

"Me ya sa, Baba?"

"In na ba ki duka, me zai sake kawo ki?"

Ta naɗe kayanta ta tafi, ko abinci ba ta ci ba. Lahadi biyu shiru. Hajiya ta ce maganina ke nan, na ce na ji.

A ta uku waya ta yi ƙara.

"Baba, na miƙa. An karɓa."

"Alhamdu lillahi. Mamana, ki yafe wa tsoho."

"Na yafe. Amma ka ban mamaki. Kai da kake kai baƙi ko'ina a garin nan, sau nawa ka zo Takoma Park?"

Sau ɗaya ne tak, ran da na kai mata katifa.

"Ƙarfe biyu ina gida," ta ce. "Ka taho da miyar kuka. Kuma ka zo da sukudireba, ƙofar banɗakina ba ta rufuwa."

Na ce wa Hajiya ta zuba miyar da yawa, na shiga neman hulata.