Gwaggo Dudu Mai Ɗinke Ƙarshen Littafi

Duk wanda ya taɓa ara wa Gwaggo Dudu littafi a Limawa ta Dutse ya san yadda littafinsa yake dawowa: a ɗinke. Ba wai yagewa ya yi ta gyara ba, a'a. Lafiya lau za ta karɓe shi, ta juya bayansa, ta kamo ganye huɗu ko biyar na ƙarshe, ta zaro allurar nan da kullum take soke a ɗankwalinta, ta yi musu ɗinkin bakin buhu da baƙin zare. Sai ta datse zaren da haƙori sannan ta miƙo mini ta ce, "To Malama, bismillah."

Ni ce Malamar, Ramatu 'yar ƙaninta. Da safe ina koyar da 'yan aji huɗu, bayan la'asar kuma in zo gindin darbejiyar tsakar gidanta in buɗe wata makarantar mai ɗaliba ɗaya tal, wadda ba ta san ko bihim ba a boko amma ta fi aji huɗu gaba ɗayansu surutu. Shekara goma sha ɗaya ina karanta mata littattafan soyayya, kuma wallahi ban taɓa ganin ƙarshen ko ɗaya ba a gidan nan.

"Marubutan nan mutanen kirki ne," in ji ta, "sai sun zo ƙarshe tsoron Allah yake barinsu. Su wahalar da 'yar mutane tun daga bango, in ta zo hutawa su kashe ta, ko su aura mata sakarai. Ba da ni ba!"

Saboda haka da mun iso bakin ɗinki sai ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta ƙarasa labarin da kanta. Ƙarshen Gwaggo kuwa ba ya canzawa. Yarinya ta samu wanda take so, aminiyarta ta tare a gidan da ke jikin nata, sannan a ba ta saniya mai tatsa. Ko likita ce a babban birni, sai an ba ta saniyar nan. Na taɓa cewa, "Gwaggo, a ina za ta ɗaure ta? A saman bene fa take zaune." Ta ce, "Ta sauko mana. Uban wa ya aike ta sama?"

Mai shagon hayar littattafai har gida ya biyo ta yana rantse-rantse. "Gwaggo, ki rufa mini asiri. Mata suna dawo mini da littafi a guje, wai an yi masa sammu." Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka gaya musu rigakafi ne."

To wannan ɗinkin ne ya raba ta da Iya Talle ta Jahun. Kun san su ai. Tun suna 'yan mata masu tallan nono suke tare, shekara guda aka yi musu aure, kuma da mazajensu suka rasu kowacce ta je ta zauna da 'yar'uwarta har ta fita takaba. Shekara hamsin da ɗoriya. Duk wata Iya Talle za ta hau motar Dutse ta zo ta kwana uku, da jar butarta a hannu, don ita ba ta alwala da butar kowa.

A wani zuwan nata ne muke karanta labarin wata yarinya Saude, wadda mutum biyu suke nema, direban babbar mota da malamin makaranta. Muka iso ɗinki. Gwaggo ta yi gyaran murya ta ce, "Sai Saude ta auri direba."

"Wane direba?" in ji Iya Talle. "Malamin za ta aura. Direba ai ba mijin gida ba ne, mijin hanya ne. Sai dai ki ga ƙurarsa."

"Oho! Shi malamin me ya ajiye? In kika zazzage aljihunsa alli ne zai zubo."

Na sunkuyar da kai, don kowa ya san marigayi Baffa Buba, mijin Gwaggo, shanu yake ɗauka a babbar mota zuwa kudu, mijin Iya Talle kuwa har ya bar duniya hedimasta ne. Bakinsu Saude yake ambato, amma kowacce mamacinta take karewa, kuma ba wadda za ta buɗe baki ta ce kewarsa take yi.

"A farke ɗinkin mu gani!" in ji Iya Talle.

"Wanda ya taɓa zaren nan ya taɓa ni."

"To zauna da zarenki." Ta figi mayafinta ta fice, ko tuwon da aka ɗora ba ta jira ba. Butar ta manta.

Gwaggo ta ɗauki butar ta rataye a reshen darbejiya ta ce, "Mai buta ta zo ta ɗauki abarta." Littafin kuma ta jefa shi ƙasan adaka ta kulle. Muka ce fushin kwana biyu ne. Ina! Shekara uku butar nan tana lilo, rana ta cinye jan har ta koma ruwan hoda, tsofaffin nan ba waya, ba saƙo, ba barka da salla. A bayan idonsu muna dariya, amma ni abin yana cina a rai, don na ga ƙafar Gwaggo ta fara kumbura, an kuma ce mini cutar yana ta fara rufe idon Iya Talle. Tsorona kada wata rana a aiko wa ɗaya da rasuwar ɗaya.

A cikin shekarun butar ne aka yi sadakar Ladidi. Wata marubuciya, kamar ta san da allurar Gwaggo, ba ta jira ƙarshe ba, ta kashe yarinyarta a tsakiyar littafi, wajen haihuwa. Ina karantawa Gwaggo ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ramatu, sake dubawa, ko suma ta yi." Na duba na ce ta cika. Ta yi kuka har da majina, tana cewa an shammace ta. Kwana uku bayan nan na shigo na tarar an kafa tanda ana ta suyar waina, an aika kwano-kwano gidajen maƙwabta, wai sadakar uku. Ba a jima ba sai ga Malam Liman da mutum huɗu sun yi sallama a zaure. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka kai waina da miyar taushe, suka ci suka yi hamdala. Gwaggo ta zo bayan labule, Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a.

"Hajiya, ashe rashi aka yi ba mu ji ba? Wace ce?"

"Ladidi ce, Malam. Baiwar Allah, ga haƙuri ga ladabi. Ta bar jariri."

"Allahu akbar. Wace maƙabarta aka kai ta?"

Gwaggo ta waiwayo ta ce da ƙarfi, "Ramatu, a shafi na nawa ne ma?"

Hannun Liman ya tsaya a sama. Ya dubi kwanon da ba sauran komai a ciki, ya dubi mutanensa, ya ce, "To... Allah ya kai ladan ga musulmin da suka riga mu gidan gaskiya baki ɗaya." Gwaggo ta ce, "Amin, har da Ladidi."

Ranar na gan ta ta zuba waina a kwano mai murfi ta ɗaure da tsumma, irin ɗaurin da take yi wa saƙon Jahun. Ta ɗaga kai ta dubi butar, ta yi tsaki, ta ce in tafi wa yarana da ita.

Da labarai suka koma cikin waya, ana sako su kaɗan-kaɗan kullum, Gwaggo ta shiga uku, don waya ba ta ɗinkuwa. Ta juya ta gaba da baya tana neman inda allura za ta shiga, na fizge abata. Amma da ta ji cewa marubuciyar labarin da muke bi tana nan da ranta, kuma ana iya aika mata da murya, sai ta ga ai ta samu abin da ya fi allura. "Danna mini!"

"Salamu alaikum 'yar nan, Gwaggo Dudu ce daga Limawa. Ina gajiya? Yarinyar nan taki kwana huɗu ke nan tana kuka a kan gado, ban ji ta ci abinci ba, ban ji ta yi salla ba. Ki tashe ta. Na biyu, me ya sa duk matanki farare ne dogaye, gashi har gadon baya? Mu gajeru baƙaƙe ba a sonmu ne? Ni nan kamar turmi nake, amma Baffanku daga Ikko yake juyo da mota saboda ni. A gyara."

Marubuciyar, Allah ya yi mata albarka, ta yi dariya har sai da ta kira ni. To yau zan tona kaina, tunda mai jifana da takalmi ba ta nan. Ni na ba ta labarin buta. Sati bai zagayo ba sai ga sababbin mutane sun shigo labarin, wasu tsofaffi biyu aminan juna tun ƙuruciya, sun yi shekaru suna gaba a kan faifai. Ɗayar gajera ce baƙa.

Kwana biyu Gwaggo tana murna da gajerar. A na uku ta fara tsaki. "Anya tsohuwar nan tana da hankali? A kan faifai? Da ƙafa ɗaya a kabari? Danna mini! 'Yar nan, ki gaya wa gajerar nan ta ji tsoron Allah ta tashi ta je. In ɗayar ta mutu, da faifan za ta yi hira?"

Na ajiye wayar na ce, "Gwaggo, da buta fa, ana hira?"

Takalmin a kafaɗa ya same ni. Ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Washegari Asabar da sassafe ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a ƙofar gida ta sha mayafi, ɗan adaidaita yana jira, butar a hannunta.

"Ina zuwa, Gwaggo?"

"Kayan mutane zan mayar. Ni ba na mutuwa da kayan wani a wuyana. Kuma in kika ce sulhu ne, na fasa."

Muka je tasha muka hau motar Jahun. Mun tarar da Iya Talle a tsakar gida tana tsintar wake da lalube. Gwaggo ta dire butar a gabanta, ta zauna a bakin tabarma ta juya mata baya.

"Ramatu, gaya wa matar gidan nan ga butarta."

Iya Talle ta kai butar daf da idonta ta ce, "Ramatu, gaya mata tawa ja ce. Wannan ban san ta ba."

"Gaya mata ita ma da baƙin gashi na san ta."

Sai na ga kafaɗun Iya Talle suna rawa, na rasa kuka ne ko dariya, ashe duka biyun ne. Ta miƙa hannu tana lalube har ta kamo ƙafar Gwaggo, ta ce, "Dudu, wannan kumburin fa? Wa yake gasa miki?" Gwaggo ta ce, "Wa zai gasa? Mai gasawar ta yi fushi a kan malamin makaranta." Ni dai na tashi na ba su wuri, na je bayan rumbu na yi nawa kukan. Kafin a sauke tukunya na jiyo su sun koma gidan jiya, "Direba!" "Malami!" Muna cikin motar dawowa na lura ba carbi a hannun Gwaggo, na ce ta yi mantuwa. Ta ce, "Na sani. Ta kawo mini."

Ta kuwa kawo, ta sake manta butar. Gwaggo ta mayar, ta manta carbi. Haka suka yi ta mantuwa tsakanin Dutse da Jahun har wata bakwai, zuwa ranar Talatar da Gwaggo ta kishingiɗa bayan azahar ba ta tashi ba.

Bayan sadakar uku, ta gaske wannan karon, da mutane suka ragu, Iya Talle ta kira ni gindin darbejiya ta ce in buɗe adaka. Na ɗauko littafin Saude. Ta shafa ɗinkin da yatsa ta ce, "Farke." Na sa reza na yanke zaren, ina waige-waige kamar Gwaggo za ta leƙo ta taga. Na karanta ganye biyar ɗin nan a zuci, na ɗago.

"Wa ta aura?"

"Iya... ba ko ɗaya. Wani mai kemis ne ya ɓullo a ganyen ƙarshe, shi ta aura."

Iya Talle ta yi dariya har ta kwanta a tabarma, tana tari, hawaye yana bin kuncinta. "Mai kemis! Shekara uku, Dudu! A kan mai kemis!" Da ta lafa ta share fuska da bakin mayafi, ta ce in kawo allura. A jikin ɗankwalin Gwaggo na same ta, inda take kullum. Na zura mata zare tunda ba ta gani, ta mayar da ɗinkin da lalube, a karkace, ta datse da haƙorin da ya rage mata. Sannan ta gyara zama, ta yi gyaran murya.

"Sai Saude ta auri direba," in ji ta. "Aminiyarta ta tare a gidan da ke jikin nata. A ba ta saniya."

Ya Allah ka jiƙan Gwaggo Dudu, ka yafe mata kurakuranta, ka sa nata ƙarshen ya fi duk wanda ta tsara wa matan littafi kyau. Ka haɗa ta da direbanta a Aljanna. Gidan da ke jikin nata kuma, ya Rabbi, ka ajiye wa Iya Talle, amma ka bar mana ita tukuna. Amin.