Tsutsar Haƙorin da Na Yi wa Shaida a Rediyo

Ranar wata Litinin ce cikin damina, ƙarfe bakwai saura kwata na safe. Mu biyu ne a ɗakin watsa shiri na wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Maraɗi: ni mai karanta sanarwa da talla, da mai kula da na'ura. Na gama karatu na fita, sai na dawo ɗaukar birona. Na tarar ya cire soson makirfo da yatsu biyu, ya kau da kai, yana jefa shi cikin leda. Da ya gan ni sai ya ce wai soson ne ya tsufa. Makon da ya gabata aka sa shi.

A lokacin ina da shekara arba'in da ɗaya, ina kuma alfahari da lafazina. Amma wata takwas ke nan dasashina yana jini, wani haƙorin tauna kuma ya yi rami. Auduga da kanumfari nake cusawa, in na zaro ta da safe ni kaina sai na toshe hanci. Na daina zuwa fadarmu ta hira da shayi a Sabon Gari, a masallaci na koma ƙarshen sahu. Matata kuwa turaren wuta kawai take ƙarawa. Na zama mai saurin fushi, abinci ya fita raina, har gaisuwa ta zame mini nauyi. Kunyar buɗe wa likita wannan baki ce ta hana ni zuwa asibiti.

Cikin tallar da nake karantawa akwai ta wani mai cire tsutsar haƙori a Tsibiri. Ranar Laraba na hau mota na je. Ya tarbe ni da fara'a, yana ce wa mutanen layi su matsa ga mai murya ya iso. Ya zuba wasu 'ya'yan itace a kasko mai zafi, ya kifa mazurari a kai, ya sa na kama bakin mazurarin da leɓena. Mazurarin nan ya fito daga bakin mutum shida a gabana, da yawunsu a jiki, ko gogewa ba a yi ba. Na shaƙi hayaƙi, na tofa cikin kwanon ruwa, sai ga wasu fararen zare-zare suna yawo. Ya ce in kalli maƙiyana da kyau, yau sun bar gidan haya. Ya haɗa ni da ƙwayoyi marasa suna. Ciwo ya lafa. Washegari, bayan na karanta tallarsa, na ƙara abin da ba ya cikin takarda: na rantse cewa ni da kaina na gwada, na ga tsutsa da idona. Mako biyu ina maimaita wannan magana.

Sai muƙamuƙi ya kumbura har wuya, baki ya ƙi buɗuwa, zazzaɓi ya rufe ni. A asibiti suka tsaga suka matse mugunya, warin ya sa matata fita waje. Likitar ta ce da na ƙara kwana biyu kumburin zai iya toshe mini numfashi. Ta ce babu wata tsutsa a haƙori, zare-zaren da na gani cikin 'ya'yan itacen ne da suka fashe da zafi. Gwajin jini kuma ya nuna ciwon suga da ban san da shi ba. Ta bayyana mini cewa suga yana ruɓar da dasashi, ruɓaɓɓen dasashi kuma yana hana suga sauka.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo manomin rani daga Jiratawa, fuskarsa ta fi tawa kumburi. Matarsa tana gaya wa 'yan dubiya cewa malam ba ya yarda da maganin kasuwa, amma ya ce mutumin rediyon nan ba ya ƙarya, tunda har ya rantse, shi ya sa ya je Tsibiri. Ba su gane ni ba, domin ba na iya magana. Da bakina ya fara buɗuwa ma ban yi ba. Da hannu nake amsa gaisuwarta. Wannan shirun ya fi mugunyar ba ni ƙyama har yau.

Abin da na koya shi ne baki ba ya ruɓewa shi kaɗai, yana jan jiki da hankali. Wanda dasashinsa ke jini ko bakinsa ke wari ya je a duba, a gwada masa suga, kada kunya ta zaunar da shi. Abokan aikina kuma, kada mu yi shaida kan abin da ba mu sani ba.

An cire mini haƙora uku, na nemi a mayar da ni sashen tace labarai. Dattijon kuwa an wuce da shi Yamai kwana huɗu bayan zuwana, ban sake jin labarinsa ba.