Na Haye Kogi Jana'izar Kawuna, Aka Rubuta Na Gudu Daga Soja

A lokacin da wannan abu ya same ni, ni kaparal ne a barikin soja na Malanville, shekarata goma sha ɗaya da sa kaki, da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Sunana ya riga ya fito cikin waɗanda za su tafi kwas ɗin sarzan, har na fara tafiya irin ta sarzan tun ba a ɗaura mini igiyar ba. Ban taɓa kwana a kaso ba, kuma ina yawan faɗin haka ko ba a tambaye ni ba. Ni ɗan Garou ne, a bakin kogin da ya zama iyakar ƙasarmu aka haife ni, rabin danginmu suna wannan gaɓa, rabi suna hayin Gaya. A wajenmu Gaya ba ƙasar waje ba ce. Can muke cin kasuwa, can muke kai suna da biki, kuma ko da aka rufe gadar iyaka jiragen ruwa ba su daina kai mutane ba.

Wata Laraba da hantsi aka kira ni aka ce kawuna ya rasu a ƙauyensu da ke wancan haye. Shi ya riƙe ni bayan mutuwar mahaifina, shi ya sa ni makaranta. Na je wurin kapitan ɗinmu na ce an yi mini rasuwa, ya yi mini gaisuwa, ya sa hannu a takardar izinin kwana biyu. Da magatakarda ya tambayi inda zai rubuta, na ce Garou. Na san soja ba ya fita ƙasa sai da izini na musamman daga sama, an karanta mana tun muna kurata, amma na ɗauka dokar ta masu zuwa Turai ce, ba ta mai haye ruwan da ya koyi iyo a cikinsa ba. Gaskiya kuma na ji tsoron in na faɗi hayi za a ce in jira, gawa kuwa ba ta jira. Na tuɓe kaki a ɗakin mahaifiyata, na ajiye katin aiki ƙarƙashin katifarta, na sa riga da hula na bi 'yan'uwa cikin jirgi.

An yi jana'iza lafiya. Washegari da na sauko bakin ruwa zan koma, sai na tarar da jiragen duk a ɗaure, jandarmomin can suna cewa an dakatar da hayewa sai yadda hali ya yi. Ba zan iya zuwa in ce musu ni sojan wancan haye ne ba, alhali ba ni da ko takarda ɗaya a aljihu. Sai na yi wauta ta biyu, na kashe wayata, wai kada a kira ni daga bariki a gane inda nake. Kwana huɗu na yi a zaman makoki ina amsa gaisuwa, mutane suna yaba yadda mutuwar ta shige ni, ba su san lissafin kwanaki nake yi ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in ji kamar ni aka zo ɗauka. A rana ta biyar wani ɗan'uwanmu masunci ya sauke ni a gaɓarmu tare da komarsa.

Na isa bariki da ƙaryata a shirye, na ce zazzaɓi ne ya kwantar da ni a Garou. Kapitan ya bar ni na kai aya, sannan ya ce tun kwana uku ya tura sarzan a babur har gidanmu. Mahaifiyata, baiwar Allah, ta shimfiɗa masa tabarma, ta gaya masa cewa ɗanta ya haye Gaya binne kawunsa kamar yadda ɗan halak ke yi, har ta cika masa leda da albasa. Ita ba ta ga abin ɓoyewa ba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, na rasa inda zan ajiye idona.

Aka karɓe wayata da bindigata, aka sa ni gaban wani hafsa mai bincike. Ya tambaye ni wa na gani a can, me na kai, me na kawo, me ya sa na kashe waya in ba ni da abin ɓoyewa. Da ya gama ya turo mini takarda shafi uku da Faransanci, ya ce in sa hannu. Na ɗauki alƙalami don kawai a gama in fita. Wani tsohon soja mai muƙamin ajidan da ke tsare da ni ya yi gyaran murya, ya ce doka ta ba ni dama in karanta tukuna. A shafi na biyu na ga an kira abin da na yi gudun soja zuwa ƙasar waje. Wannan laifi kotu ake kai shi, ƙarshensa kurkuku da kora, ba fansho ba komi. Na ajiye alƙalamin ban sa hannu ba.

Ajidan ɗin nan ne ya zaunar da ni daga baya. Ya ce hayewar laifi ce, amma ƙaryar da kashe wayar su suka mayar da ni mai gudu a idon manya. Ya ce in rubuta bayanina da hannuna ba tare da kwaskwarima ba, in nemi lauya wanda ya san shari'ar soja, in kuma kawo shaida a takarda, don a soja abin da ba a rubuce yake ba bai faru ba. Ina tsare, matata ce ta yi yawon. Ta samo takardar rasuwa daga mai garin can, da shaidar limamin da ya sallaci gawa, ta bi masu jirage uku har suka yarda suka faɗi cewa an hana hayewa a waɗannan kwanaki. Wata biyu muka yi ba mu san matsayinmu ba. Kullum aka buɗe ƙofa sai in miƙe tsaye, ina jiran a ce in haɗa kayana.

Allah ya taimake ni, ba a kai ni kotu ba. An yarda ban yi niyyar gudu ba, amma an hukunta ni kan fita ba izini da kuma ƙarya. Na yi kwanakina a kaso, an goge sunana daga kwas, an sa tabo a fayil ɗina wanda zai bi ni har ritaya. Yau waɗanda na koya wa riƙon bindiga nake sara wa.

Abin da nake son 'yan'uwana masu kaki su ji, musamman mu 'yan bakin iyaka, shi ne gari na iya zama gidan kakanka, a takarda kuma ƙasar waje ne. Ka faɗi ainihin inda za ka tun a ofis, ko da za a hana ka. In ka makale ka kira shugabanka da bakinka kafin a neme ka. Kada ka sa hannu kan abin da ba ka karanta ba, kuma kada ka ji nauyin neman lauya.

Ba zan ce muku bin dokar ba ta da ciwo ba. Bara matar kawuna ta rasu, wadda ta goya ni a bayanta. Wannan karon na rubuta neman izini yadda ya kamata, amsar ta iso bayan an yi sadakar bakwai. Ranar jana'izarta na tsaya a gaɓarmu na yi mata addu'a, ina hango itatuwan ƙauyen. Har yau 'ya'yanta ba sa ɗaukar wayata, sun ce na zaɓi kaki na bar uwata, ni kuma ban samu bakin da zan ƙaryata su ba.